Mu Ba Ƙaiƙayi Ba Ne

Zuwa ga Shugaban gidan rediyon da ke watsa shirin lafiyar iyali kowace Talata da hantsi, a nan birnin Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girma, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk ma'aikatan da Allah Ya ɗora maka nauyinsu.

Sunana Sanusi Ladan. Tsohon malamin tarihi ne ni a makarantar sakandare, na yi ritaya, ina zaune a Runjin Sambo. Ni makaho ne. Da baki nake faɗar wannan wasiƙa, tsohon abokin aikina Malam Bulus yana buga mini ita a na'ura. Ban ambaci sunan gidanku ba, ko na mai gabatar da shirin, ko na baƙon da kuka gayyato, domin ba tozarta kowa na zo yi ba. Kun san kanku, masu sauraro ma sun san inda na dosa. Da na samu hanyar faɗa maka wannan magana daga ni sai kai, da ban fito da ita fili ba. Zan yi bayanin yadda na nemi wannan hanyar na rasa.

Na farko. Ina so ka san wanda ke yi maka magana.

A Ƙofar Taramniya aka haife ni, da idanuna garau. Ina saurayi dundumi ya fara kama ni, da rana ta faɗi sai in riƙa tuntuɓe da abin da kowa ke gani. Daga nan gani ya riƙa tsukewa a hankali, har ya zama kamar mai leƙe ta kafar ƙofa, daga baya kafar ma ta toshe. Ƙanwata Kulu ita ma haka nata ya bi. Likitan ido ya ce mana ciwon gado ne, kuma babu maganinsa. Ban bar aiki ba. Na ci gaba da shiga aji da abin da ke kaina, ina gane kowane ɗalibi da muryarsa, har lokacin ritayata ya yi.

Matata ta rasu shekarun baya, Allah Ya jiƙanta. Ɗiya guda Allah Ya bar mana, Rukayya, tana koyarwa a makarantar firamare. Idan ta fita da safe, daga ni sai rediyo har azahar. Ranka shi daɗe, mai ido ba zai gane matsayin rediyo a ɗakin makaho ba. Na san muryar mai gabatar da shirin nan kamar ta ɗan uwana. Na san lokacin da yake fama da mura. Ranar da aka sanar da rasuwar mahaifinsa, na ɗaga hannu na yi masa addu'a ni kaɗai a ɗaki. Bai san da ni ba, amma ni a wurina yana cikin mutanen gidana.

Na biyu. Abin da aka faɗa.

A Talatar da ta biyo bayan Babbar Sallah, kun gayyato wani likita don ya yi bayani a kan gwajin jini kafin aure. Na gyara zama, domin batu ne mai amfani. Ya fara da kyau, ya yi maganar sikila da wahalar da yara ke sha. Sai wani ya bugo waya ya tambaya game da makafi da kurame da masu taɓin hankali. Daga nan harshen likita ya sauya.

Ya ce manomi mai hankali ba ya ajiye zangarniya mai ciwo don iri. Ya ce a cikin kowace al'umma akwai tsaba akwai ƙaiƙayi, kuma al'ummar da ba ta sheƙe ƙaiƙayinta ba, ba za ta ci gaba ba. Ya kira mu gurɓataccen iri. Ya kira mu cima-zaune, wai kaya ne mu a kan masu lafiya. Ya ƙare da cewa da shi ke da iko, da an yi doka ta hana irinmu aure da haihuwa.

Na jira mai gabatarwa ya tare shi. Dariya ya yi, ya ce: “Likita, yau kam ka fasa ƙwai!” Suka wuce zuwa tambaya ta gaba.

Nan take wayata ta yi ƙara. Kulu ce daga gidanta, matar da ta raini ɗiyanta duka ba ta ganin fuskokinsu, ta aurar da su da kuɗin man gyaɗar da take matsewa da hannunta. Ko gaisuwa ba ta yi ba, ta ce: “Yaya, ka ji? Mu anka ce ƙaiƙayi.” Na ce na ji. Ta kashe wayar.

Na uku. Ƙoƙarin da na yi kafin wannan wasiƙa.

Tun shirin bai ƙare ba na buga lambarku. An ɗauka, na faɗi sunana, na ce ni makaho ne kuma ina da gyara a kan maganar likita. Aka ce lokaci ya ƙure, aka katse. A Talatar da ta biyo baya na sake bugawa, aka ce batun yau daban ne.

Sai na roƙi Malam Bulus ya raka ni. Na sa babbar rigata ta Juma'a, muka hau keke mai ƙafa uku muka zo har ƙofar gidanku. Mai gadi ya ce Shugaba na taro, ya nuna mana benci a rana. Muna zaune har aka kira azahar. Malam Bulus ya tashi ya nemo mana ruwa, ya bar ni ni kaɗai da sandata. Wani daga cikin ma'aikatanku ya fito, na ji takunsa ya tsaya a gabana, na miƙe don in gaishe shi in faɗi abin da ya kawo ni. Kafin in buɗe baki ya kama hannuna, ya danƙa mini sadaka, ya ce: “Baba, a yi mana addu'a,” ya wuce. Na san da kyakkyawar niyya ya yi. Amma mutum ne da ya zo da ƙorafi, aka sallame shi da sadaka. Na miƙa wa mai gadi abin da aka ba ni, muka koma gida ba mu ga kowa ba.

Na huɗu. Abin da maganar ta jawo a gidana.

An riga an sa ranar auren Rukayya da wani yaro mai suna Nasiru, ma'aikaci a kamfanin siminti da ke Kalambaina. Yaro ne mai ladabi. Idan ya zo zance, sai ya fara zama da ni a zaure, ya ba ni labarin yadda ake fasa dutse, ni kuma in ba shi labarin mutanen da. Ban ɓoye wa danginsa komai ba tun ranar da suka fara zuwa. Na gaya musu ciwona na gado ne. Na kai Rukayya wurin likitan ido, ya duba ta ya ce idanunta lafiya lau, ya kuma ce tunda ni da mahaifiyarta ba dangi ba ne, kuma ita da Nasiru ba dangi ba ne, bai ga abin fargaba ba, sauran sani sai Allah. Suka ji, suka ce sun yarda, suka kawo lefe.

Ba a yi sati biyu da shirinku ba, baffan Nasiru ya zo bayan sallar Juma'a. Tun daga yadda ya yi sallama na san ba alheri ya kawo ba. Ya daɗe yana kewaye-kewaye, sannan ya ce: “Malam, tarbiyyar yarinya ba mu da abin cewa. Amma kai ma ka ji abin da likita yac ce a rediyo. Uwar yaro ta ce ba ta son a kawo mata ƙaiƙayi cikin zuri'a. Ka yi haƙuri, haka tac ce in faɗi.”

Ka lura da kalmar, ranka shi daɗe. Wannan baiwar Allah ta san da makantata tun farko, ba ta dame ta ba. Abin da ta rasa a da shi ne sunan da za ta kira mu da shi, da kuma mai ilimin da zai tsaya mata. Gidanku ya ba ta duka biyun a hantsi guda.

Rukayya na bayan labule, ta ji komai. Duk da haka ta kawo wa baƙo ruwa, ta durƙusa ta gaishe shi. Washegari mata suka zo ɗaukar lefe. Ni ban ga komai ba, amma na ji ƙarar akwatuna ana jan su a kan siminti ɗaya bayan ɗaya, na kuma ji maƙwabta sun yi tsit a bayan katanga. Nasiru ya zo sau ɗaya bayan haka. Ya tsaya a bakin zaure, bai zauna ba. Abin da ya iya faɗa kawai shi ne: “Baba, ba ni da yadda zan yi da Inna.” Na sa masa albarka, ya tafi. Ba na riƙe da shi a zuciya.

Akwai majalisar da muke zama a gindin dogon yaro kusa da masallacinmu, tsakanin la'asar da magariba. Shekaru ina zama a nan. Rannan ina isowa wani ya ce cikin raha: “Malam, ashe sheƙe ku za a yi?” Aka yi dariya, ba da mugunta ba, irin dariyar majalisa. Ni ma na murmusa don kada a ce ban san wasa ba. Amma ban sake komawa ba. Yanzu in na idar da salla, sai in ɗauki sandata in bi jikin katanga in dawo gida. Rediyon ma na kashe shi tun ranar da aka ɗauke lefen. Gidan ya yi shiru irin wanda ban taɓa sani ba, har ina jin ɗigar famfo daga tsakar gida. Malam Bulus kaɗai ke leƙo ni ranar Lahadi in ya taso daga coci.

Na biyar. Dalilin da ya sa na ce maganar ta wuce ɓacin raina ni kaɗai.

Na yi shekara da shekaru ina koyar da tarihi, kuma kalmomin da baƙonku ya furta ba baƙi ba ne a kunnena. A ƙarnin da ya wuce, a ƙasashen Turai da Amurka, an yi wasu masana da suka ce za su gyara irin ɗan Adam kamar yadda ake gyara irin shuka da na dabbobi. Ba jahilai ba ne. Likitoci ne da malaman jami'a da alƙalai, masu fararen riguna da tattausar murya. Ba da makami suka fara ba, da suna suka fara. Suka kira naƙasassu ciyawa a cikin gona, suka kira su bakunan da ke ci ba su da amfani, suka riƙa nuna wa talaka cewa abincin da ya rasa, naƙasasshe ne ya cinye masa.

Da kunnuwan mutane suka saba da waɗannan sunaye, sai aka yi dokoki. Aka riƙa yi wa makafi da kurame da masu farfaɗiya da masu raunin ƙwaƙwalwa aikin hana haihuwa ba da yardarsu ba, wasu ma ba a gaya musu abin da aka yi musu ba. A ƙasar Jamus, gab da yaƙin duniya na biyu da kuma cikinsa, abin ya kai ga kisa. A asibitoci aka yi shi, da hannun masu jinya, kuma da ƙananan yara aka fara. Iyaye suka miƙa 'ya'yansu don a yi musu magani, aka aiko musu da labarin mutuwa. Dabarun da aka gwada a kan naƙasassu su ne daga baya aka juya kan wasu al'ummomi gaba ɗaya.

Kuma akwai abin da nake so a tuna wa likitan. Masu wannan aƙida sun jera jinsunan mutane daga sama zuwa ƙasa, suka ajiye baƙar fata a can ƙarshe. A ma'auninsu, ni da shi da kai duk ƙaiƙayi ne. Ya ari harshen mutanen da ba za su yarda ya zauna kujera ɗaya da su ba.

Ban ce baƙonku na nufin a kashe kowa ba. Na tabbata in aka faɗa masa haka zai yi rantsuwa, kuma zan gaskata shi. Amma mutanen da suka fara furta waɗancan kalmomi su ma yawancinsu ba su nufi kisa ba. Sun dai koya wa jama'a kallon mutum a matsayin abin da ake sharewa, wasu suka zo daga baya suka ɗauki tsintsiya.

Na shida. Kada a juya mini magana.

Ba na adawa da gwajin jini kafin aure. Na yi jana'izar ɗalibaina da sikila ta ɗauke, na san zafin abin. A gaya wa saurayi da budurwa gaskiyar abin da ke jininsu, a ba su shawara, su zaɓa da saninsu, wannan jinƙai ne. Amma ba shi ne a hau rediyo a ce wa rayayyun mutane, masu salla da azumi da iyali, bai kamata a ce an haife su ba. Matsayin makaho a addininmu kuwa, malamai sun fi ni sani, na bar musu wannan fagen.

Na bakwai, kuma shi ne ya tilasta mini rubutu.

Rukayya ba ta yi kuka a gabana ba ko sau ɗaya. Tana dafa abinci, ta ajiye mini, ta ce tuwo na dama miya na hagu kamar yadda ta saba. Amma hirar da muke yi in ta dawo daga makaranta, labarin ɗalibanta da shirmensu, duk ta ɗauke. Sai na lura da wani abu. Da an yi magariba, ina jin ta a ɗakinta tana kunna fitila tana kashewa, tana kunnawa tana kashewa. Ban gane ba sai ranar da ta tambaye ni: “Baba, naka yaya ya soma? Kana shekara nawa?” Ashe idanunta take gwadawa a cikin duhu. Yarinyar da likita ya ce lafiyarta lau.

A makon jiya ta zo ta zauna kusa da ƙafata. Ta ce wani malami a makarantarsu ya aiko yana son ya turo magabatansa, ta ce masa a'a. Na tambaye ta ko yana da wani aibu. Ta ce ba shi da shi. Sannan ta ce: “Baba, na yanke shawara. Ba zan yi aure ba. Abin ya tsaya a kaina, kada in haifi wanda za a kira da sunan nan.”

Na lalubi kanta na dafa. Na so in ce mata ban taɓa yin da-na-sanin zuwana duniya ba, cewa na ji daɗin rayuwata, na auri matar da nake so, na koyar da yaran da yau wasunsu ke tsayar da mota su gaishe ni. Na faɗi wani abu mai kama da haka. Ta ce: “To, Baba.” Na san ba ta karɓa ba. Maganar uba ce, ita kuwa waccan maganar likita ce, kuma a rediyo aka yi ta.

Ranka shi daɗe, dokar da baƙonku ya yi fata ba a kai ta gaban kowace majalisa ba, babu wanda ya sa mata hannu. Amma ta fara aiki a gidana.

Saboda haka ina roƙon abubuwa kamar haka.

Ɗaya, a cikin wannan shiri, a ranarsa da lokacinsa, mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa kalmomin da aka yi amfani da su kuskure ne, kuma gidanku ya janye su. Ba sanarwa ta tsakiyar talla nake nufi ba. Muryar da ta yi dariyar ita nake so ta yi gyaran.

Biyu, a gayyato wani likita ya yi bayanin ciwon gado da ilimi da ladabi, ya bambanta abin da aka sani da abin da ake zato, domin na tabbata ba gidana kaɗai wannan magana ta shiga ba.

Uku, duk ranar da za a yi magana a kan naƙasassu, a sa ɗaya daga cikinmu a ɗakin shirin, da abin magana a gabansa. Akwai makafi da kurame da guragu masu ilimi a garin nan. Ba lallai ni ba.

Huɗu, a koya wa ma'aikatanku, daga mai gadi har mai gabatarwa, cewa in makaho ya tsaya a ƙofarku, a fara tambayarsa abin da ya kawo shi.

Ba na neman diyya, ba na neman a kori kowa daga aikinsa. Auren da ya lalace ma ban ce ku gyara shi ba, wannan ya wuce. Abin da nake nema shi ne ɗiyata ta ji, daga inda aka rushe ta, cewa ita da abin da za ta haifa mutane ne.

Allah Ya yi maka jagora a cikin aikinka, Ya sa gidanku ya zama sanadin alheri ga jama'a. Allah Ya tsare idanunka da na mai gabatarwa da na likitan, Ya tsare na 'ya'yanku da jikokinku. In kuwa Ya ƙaddara jarrabar wani daga cikin zuri'arku da irin abin da Ya jarrabe ni, ina roƙonSa Ya sa a lokacin babu sauran mai kiran sa da sunan da aka kira ni.

Wassalam.

Naka mai sauraro,
Malam Sanusi Ladan,
Runjin Sambo, Sakkwato.